Toshewar Mafitar Tumbi ga Manya: Jerin Matakan Magani da Alamomin da ke Ruɗar Likita

Tsakure

Takardar nan ta duba matsewar mafitar tumbi a jikin baligai, tare da alamomin ciki da ke tafiya da ita ko suke kama da ita. Matsayin da ta ɗauka shi ne cewa tashin mai wannan larura ya fi rataya a kan matakan da aka bi kafin a kai ga wuƙa: a mayar wa jiki ruwa da gishirin da amai ya kwashe, a wanke tumbi, a leƙa a gutsiro nama a auna, sannan a zaɓi magani. Ta bayyana yadda kanwa da wasu nau'o'in ƙarin ruwa ke ƙara dagula lamarin, ta auna buɗe ƙofar da balan-balan a kan tiyata, ta kuma kawo hujjar cewa inda mara lafiya ba zai iya yawan komowa asibiti ba, tiyata na da gurbinta har gobe.

Gabatarwa



Da an ambaci matsewar mafitar tumbi, wanda ya yi karatun likitanci jariri yakan fara faɗo masa a rai: ɗan mako uku zuwa shida, galibi namiji, yana tsotsar nono yana fesar da shi, ya kuma sake neman nonon nan take. Harald Hirschsprung na ƙasar Danmak ya fayyace wannan ciwo a 1888, Conrad Ramstedt na Jamus kuma ya wallafa tiyatarsa a 1912, wato tsaga tsokar da ta yi kauri ba tare da an huda fatar cikin tumbi ba. Ciwon jariri sababinsa ɗaya ne, maganinsa ɗaya ne, kuma idan an yi shi da kyau an gama.

Na babba ba haka yake ba. Irin wancan kaurin tsoka da ba a san mafarinsa ba yana samun manya, likitan Faransa Jean Cruveilhier ya ba da labarinsa tun a 1835, amma da wuya likita ya ci karo da shi sau biyu a rayuwar aikinsa. Abin da muke gani a ɗakunan kwanciya toshewa ce da wani ciwo ya haifar, kuma kafin a san wane ciwo ne, duk maganin da aka fara lalube ne a cikin duhu.

Mafitar tumbi zoben tsoka ne da ke tsakanin ƙarshen tumbi da farkon ƙaramin hanji. Ba ya barin abinci ya wuce sai an niƙe shi ya koma ƙwayoyin da ba su wuce milimita 2 ba. A kowace rana tumbi na tsattsafo da ruwan narkar da abinci kusan lita 2, ga yawun da ake haɗiya fiye da lita 1. Saboda haka ko mutum bai sa komai a bakinsa ba, akwai ruwan da dole ya bi ta wannan ƙofa. Idan ta rufe, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce sama.

Abin da ke toshe ƙofar

Har zuwa shekarun 1970, gyambon ciki ne kan gaba. Gyambo a farkon ƙaramin hanji ko a bakin ƙofar yakan toshe ta ta hanyoyi biyu, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Idan gyambon ɗanye ne, kumburi da ƙanƙancewar tsoka ne ke rufe hanya, wannan kuwa yakan saki idan an ba da magani. Idan ya shekara yana warkewa yana fashewa, tabo ne ke taruwa ya ja ƙofar ya tsuke ta, tabo kuwa ba ya jin ƙwaya.

Abubuwa uku suka sauya lissafin. Simetidin mai rage asid ya shigo kasuwa a 1976, omefirazol ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1980, sannan Robin Warren da Barry Marshall a birnin Perth na Ostareliya suka raino ƙwayar Helicobacter pylori a ɗakin gwaji a 1982, suka nuna ita ce ke bayan mafi yawan gyambon. Aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2005. Sakamakon haka, a Turai da Amurka yau rabin masu toshewar mafitar tumbi ko fiye ciwon daji ne ke damunsu, na ƙarshen tumbi ko na kan fankiriyas. Ƙiyasin duniya na 2020 ya nuna sama da mutum miliyan 1 sun kamu da dajin tumbi a shekarar, kusan 770,000 kuma sun rasu da shi.

Mu a nan Afirka muna ɗauke da kaya biyu. Gyambo bai bar mu ba, daji kuma ya iso. Tun a 1975 Tovey da Tunstall suka wallafa nazarinsu a mujallar Gut kan gyambon farkon hanji a Afirka kudu da Sahara, inda suka nuna ya fi yawa a gaɓar yammacin Afirka da tsaunukan Ruwanda da Burundi da Habasha, kuma toshewa na cikin manyan matsalolin da yake haifarwa a karkara. A 1992 Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka auna a arewa maso gabashin Nijeriya na ɗauke da alamar ƙwayar a jininsu, ya kuma yi mamakin yadda ba a ganin gyambo da daji da yawa duk da haka. An daɗe ana kafa hujja da wannan mamaki nasa, har Agha da Graham suka sake bin rahotannin leƙen ciki na Afirka a 2005 suka ce ciwon yana nan, masu dubawa ne suka yi ƙaranci. Ina tare da su. Garin da babu na'urar leƙen ciki ba zai taɓa ba da rahoton gyambo ba.

Ga kuma magungunan ciwon jiki. Manomi ko ɗan dako ko mai tura baro da ya wuni yana aiki yakan tsaya a kemis a haɗa masa ƙwayoyi, a ciki a samu ibufurofen da dikulofenak da firoksikam a ƙulli ɗaya, ya kora da ruwa cikinsa wayam. Waɗannan magunguna na rage kariyar fatar tumbi ko da babu ƙwayar cuta, idan kuma akwai ta, haɗarin ya ninku.

Sauran sababan ba su da yawa amma ana mantawa da su. Wanda ya sha ruwan batir ko sodar yin sabulu yakan tsira daga ƙunar farko, bayan makonni ya dawo da amai saboda tabo. Tarin fuka na iya kama farkon hanji ko kaluluwar da ke kewaye da shi. Akwai ciwon Crohn, da kumburin fankiriyas mai daɗewa, da dunƙulen abin da bai narke ba. Idan gyambo ya yi yawa, ko ya fito a wurin da ba a saba gani ba, ko ya ƙi jin magani, a tuna da ƙarin da ke tsattsafo da sinadarin gastirin, wanda Zollinger da Ellison suka bayyana a 1955.

A gaban likita

Mara lafiya ba ya cewa ƙofar tumbinsa ta toshe. Cewa yake, "Likita, abinci ba ya zama a cikina," ko "Tuwon jiya nake amayarwa yau." Jimlar nan ta biyu ta kusa isa hujja. Aman yana da yawa, yakan zo da yamma ko da dare, ana gane abincin da aka ci jiya ko shekaranjiya a cikinsa, yana wari, kuma babu koren ruwan matsarmama, domin toshewar na sama da inda matsarmama ke zuba. Idan ya amayar yakan ji sauƙi, har wasu su riƙa sa yatsa da kansu. Kafin a kai nan an daɗe ana fama da saurin ƙoshi, kumburin ciki bayan loma kaɗan, gyatsa mai tsami, ƙwannafi da rama. Bayan gida yakan ɗauke, sai a shiga neman maganin basir ko na dattin ciki.

A jiki za a ga idanu sun faɗa, harshe ya bushe, fata ta saki. Saman ciki a kumbure yake, wani lokaci a ga motsin tumbi yana tafiya daga hagu zuwa dama ƙarƙashin fata. A kama kwankwason mara lafiya a girgiza, kunne ko abin sauraro na kan cikinsa: idan an ji ruwa na kaɗawa kamar a cikin gora alhali ya fi awa 4 rabonsa da ci da sha, tumbi bai sauke kayansa ba. Daga nan hannu ya tafi gindin wuya ta hagu neman kaluluwa mai tauri, ya tafi cibiya neman ƙullutu, ya taɓa hanta, a duba idanu ko sun yi rawaya. Kowanne daga cikin waɗannan na nuni ga daji da ya bazu.

Tsawon tarihin na taimakawa. Wanda ya shekara goma yana cewa yana da olsa, ciwon na tashi yana lafawa, ya fi kusa da tabo. Dattijon da bai taɓa kukan ciki ba sai watanni uku da suka wuce, ga rama ga ƙin nama, a ɗauke shi mai daji har sai an tabbatar da akasin haka. Sai dai tarihi zato ne kawai. Daji ma yakan lafa da omefirazol na ɗan lokaci, kuma wannan lafawar ce ke cinye watannin da za a iya cire shi.

Abin da amai ke yi wa jini

A nan zan daɗe, domin a nan ake rasa mutane kafin su ga ɗakin tiyata.

Ruwan tumbi asid ne mai ɗauke da kuloraid. Duk lokacin da tumbi ya fitar da asid, yana tura baikabonet cikin jini. A lafiyayyen jiki asid ɗin na gangarawa hanji, fankiriyas ya zubo baikabonet ya kashe kaifinsa, lissafi ya daidaita. Mai toshewa kuwa asid ɗinsa ƙasa yake zubewa, baikabonet ya yi ta taruwa, kuloraid ya yi ta raguwa, jini ya rinjaya zuwa alkali.

Da farko ƙoda na ƙoƙarin gyarawa: tana zubar da baikabonet a fitsari, amma ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja sodiyam da fotasiyam. Idan ruwan jiki ya ci gaba da raguwa, sai ƙoda ta sauya shawara. Sinadarin aldostiron ya tashi, ta shiga riƙe sodiyam ko ta halin ƙaƙa, tana ba da fotasiyam da asid a madadinsa. Tun da kuloraid ya yi ƙaranci, baikabonet take mayarwa jini tare da sodiyam ɗin. Sai a wayi gari jini alkali ne, fitsari kuma asid, abin da ke nuna lamarin ya yi nisa. Mafi yawan fotasiyam ɗin da aka rasa ta fitsari ya fita, na cikin aman kansa kaɗan ne. Rinjayen alkali kuma na rage kalsiyam mai aiki a jini, shi ya sa yatsu ke ƙandarewa, baki ya riƙa tsirawa, wani ma ya yi jijjiga. A gida sai a ce iska ce ko sammu, a ƙara kwanaki ana turare.

Ga inda al'adarmu ta shigo. Mai ƙwannafi yakan jiƙa kanwa ya sha, ko ya kaɗa bakar soda a ruwa. Kanwa gishirin sodiyam ne na kabonet da baikabonet, wato ainihin abin da ya riga ya yi wa jininsa yawa. Ya kamata tambayar kanwa ta shiga tarihin kowane mai amai, a kuma gaya wa masu jinya ƙarara kada su kawo kunun kanwa.

Maganin ya fito daga bayanin. Abin da jiki ya rasa ruwa ne da kuloraid da fotasiyam, don haka ƙarin ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100 ake sawa, wanda kowace lita ke ɗauke da milimol 154 na sodiyam da 154 na kuloraid. Da kuloraid ya wadata, ƙoda da kanta za ta zubar da rarar baikabonet. Ruwan Ringer mai laktet ba shi ne zaɓin farko ba, kuloraid ɗinsa ya gaza na wancan, hanta kuma na mayar da laktet baikabonet. Ruwan suga zalla ya fi muni, yana tsinka sodiyam, yana kuma tura ɗan fotasiyam ɗin da ya rage cikin ƙwayoyin jiki. Duk da haka shi ne masu jinya suka fi roƙo, wai mara lafiya bai ci abinci ba.

Fotasiyam kuloraid ana fara shi ne bayan an ga fitsari na fita, aƙalla rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa. Ana zuba shi cikin ledar ruwa a girgiza, kada ya wuce milimol 40 a lita idan ta jijiyar hannu ce, kada kuma ya wuce milimol 10 zuwa 20 a awa. Ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji. Yana tsayar da zuciya. A auna gishirin jini da aikin ƙoda kullum har su daidaita. Toshewar mafitar tumbi ba ta cikin larurorin da ake gudu da su ɗakin tiyata cikin dare. Wanda aka sa wa maganin barci jininsa na alkali, fotasiyam ɗinsa ƙasa, tumbinsa cike, yana fuskantar rikicewar bugun zuciya, jinkirin dawowar numfashi, da kwararar abinci cikin huhu.

Kwashe tumbi da leƙawa

Tare da ƙarin ruwa ake zura roba ta hanci zuwa tumbi, mai faɗi, domin siririya guntayen abinci ke toshe ta. A zuƙe, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi har abin da ke fitowa ya yi haske, a bar ta tana zuba, a rubuta adadin kowace rana a mayar da kwatankwacinsa ta jijiya. Tumbin da ya daɗe a buɗe tsokarsa ta gaji, hutun kwana biyu zuwa uku na dawo mata da ƙarfi. A fara allurar omefirazol ko ɗan'uwansa ta jijiya. A dakatar da duk maganin ciwon jiki mai cin tumbi.

Inda babu kayan aiki, tsohon gwajin Goldstein da Boyle na 1965 na nan da amfaninsa: a zuba mililita 750 na ruwan gishiri ta robar, a jira minti 30, a zuƙo. Idan abin da ya dawo ya wuce mililita 400, akwai toshewa. Maimaita shi bayan kwanakin hutu na nuna ko kumburi ne ke sabewa ko tabo ne ya kafe. Ba ya faɗin sababi.

Sababi sai an leƙa. Na'urar leƙen ciki na nuna wurin matsewar da girmanta, tana kuma ba da damar gutsiro nama. A gutsiro da yawa, daga gefen gyambo da bakin ƙofar, ko da wurin ya yi kama da tabo, domin wani dajin ƙarƙashin fata yake bi, samansa sumul. Idan sakamako ya ce ba daji amma zuciyar likita ba ta kwanta ba, a sake. Hoton CT na nuna kaurin bangon tumbi, fankiriyas, kaluluwa da hanta. Hoton bariyam na iya nuna faɗaɗɗen tumbi da ƙofar da ta tsuke inda babu waɗancan, amma ba ya wanke kowa daga zargin daji.

Abinci kuma kada a bar shi sai bayan tiyata. Idan siririyar roba za ta iya wuce matsewar, a ciyar ta nan. Wanda ya daɗe da yunwa a fara masa a hankali, a ba shi bitamin B1 kafin suga, a lura da fosfet da magniziyam, domin ciyarwa da gaggawa na iya kayar da shi.

Idan gyambo ne

A nemi ƙwayar Helicobacter a kashe ta. Gwajin na iya ba da amsar ƙarya ga wanda ke shan omefirazol ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan. Ƙa'ida ita ce hutun mako 2 daga na farko da mako 4 daga na biyu, abin da ba ya yiwuwa ga mai toshewa. A wurin da ƙwayar ta yi yawa irin namu, mai gyambon farkon hanji da gwajinsa ya ce babu ya cancanci a sake auna shi ta wata hanya kafin a yarda.

Yarjejeniyar Maastricht ta shida, ta 2022, ta fifita haɗin magani huɗu na kwana 14: mai rage asid, bismut, tetirasaikilin da metironidazol, a duk inda bijirewar ƙwayar ga kilaritiromaisin ta wuce kashi 15 cikin 100 ko ba a san matsayinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan bijirewa cikin jerin abubuwan damuwarta na 2017. Bijirewa ga metironidazol kuwa ta yi yawa a Afirka, ba abin mamaki ba ne ga ƙwayar da ake sha a kan kowane gudawa. Ƙunshin kwana 7 da ake sayarwa a shagunan magani ya gaza wannan ma'auni. Bayan an gama, a jira mako 4 a tabbatar da mutuwar ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi. Gwajin jini ba ya wannan aiki, yakan ci gaba da nuna alama bayan ƙwayar ta mutu.

Wanda kumburi ne ya toshe shi, wannan ya ishe shi. Mai tabo sai an buɗe masa hanya.

Tun farkon shekarun 1980 ake zura balan-balan ta cikin na'urar leƙen ciki a hura shi a bakin matsewar. Ana hawa mataki-mataki a zama daban-daban har a kai wajen milimita 15. Wuce nan na ƙara haɗarin fashewa. Sauƙin farko yakan zo da wuri. Ɗorewarsa ce ke da sharaɗi: a kashe ƙwayar, a bar magungunan ciwon jiki da taba, a ci gaba da mai rage asid, a kuma dawo idan ƙofar ta sake tsukewa. Wanda aka hura wa fiye da sau biyu bai samu sauƙi ba, ko mai dogon tabo, ko wanda ruwan batir ya ƙona, galibi tiyata zai ƙare da ita.

Hanyoyin tiyatar tsofaffi ne. A 1881 Theodor Billroth ya yanke ƙarshen tumbi a Biyana mara lafiya ta tashi, a shekarar kuma almajirinsa Anton Wölfler ya haɗa tumbi da ƙaramin hanji ya kewaye toshewar. Heineke da Mikulicz a shekarun 1880 suka tsaga ƙofar a tsaye suka ɗinke ta a kwance, Finney ya kawo nasa salon a 1902, Lester Dragstedt kuma ya dawo da yanke jijiyar da ke sa tumbi fitar da asid a 1943. Zaɓi na bin halin da aka tarar. Farkon hanjin da tabo ya cinye ba ya son a taɓa shi, kewaye shi ya fi aminci. Yanke ƙarshen tumbi tare da yanke jijiya shi ne mafi ƙarancin dawowar gyambo, shi ne kuma mafi nauyi ga ramammen mutum; wurinsa inda ake shakkar daji. Kewaye ba tare da rage asid ba na haifar da sabon gyambo a bakin ɗinkin.

A kan wannan gaɓa ta ƙarshe na saɓa da abin da ake koyarwa a ƙasashen da magani ke hannun kowa. Can an kusa daina yanke jijiyar, an dogara ga ƙwaya ta tsawon rai. Mutumin da ya sayar da akuya ya yi tafiyar wuni guda ya zo asibiti, ba shi da inshora, ba za a gina lafiyarsa a kan alkawarin sayen omefirazol na shekara ashirin da komowa hura balan-balan sau uku ba. Gare shi aiki ɗaya da zai buɗe hanya ya kuma rage asid ya fi dacewa, muddin mai wuƙar ya iya shi. Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a bar masu koyon tiyata su kammala ba su taɓa ganin yanke jijiyar ba.

Idan daji ne

Tambayar farko: zai ciru? Idan bai bazu ba, a yanke ɓangaren tumbin tare da kaluluwarsa, da maganin daji kafin aikin da bayansa inda hali ya yi. Da yawa kuwa sun makara, abin da ya rage shi ne a ba su damar ci da sha. Ko a sa bututun ragar ƙarfe mai buɗe kansa ta na'urar leƙen ciki, ko a yi kewaye da tiyata. Binciken SUSTENT na ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna mai bututu ya fi saurin komawa ga abinci, amma bututun ya fi sake toshewa. Masu binciken suka ba da shawarar tiyata ga wanda ake sa ran zai wuce wata 2. Ma'aunin Adler da Baron na 2002, daga 0 ga wanda ba ya iya shan komai zuwa 3 ga mai cin abinci sosai, ya isa a bi sakamakon da shi a kowane asibiti. A zaunar da iyali a gaya musu cewa aikin na cin abinci ne, ciwon yana nan. Idan ba a faɗa ba, za su sayar da gona suna jiran warkewa.

Masu kama da ita

Akwai mai duk waɗannan alamomi, a leƙa a tarar ƙofa a buɗe. Tumbinsa ne ya yi sanyin motsi. Daɗaɗɗen ciwon suga ne kan gaba wajen jawo haka, sai tiyatar da ta taɓa jijiya, sai magunguna: tiramadol, kodin, wasu magungunan tabin hankali, da sababbin alluran suga da rage ƙiba irin su semagulutaid. Ana tabbatarwa da gwajin saukar abinci na awa 4. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 ya rage a tumbi, akwai jinkiri. Magani shi ne daidaita suga, cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, rage maiƙo da abinci mai ɓawo, fifita mai ruwa-ruwa irin kunu da farau-farau.

Metokulofiramaid na taimaka wa irin wannan, amma haramun ne ga mai toshewa ta gaske, domin tura tumbi yake ya matsa a kan rufaffiyar ƙofa. Yana kuma jawo murɗewar wuya da fuska, musamman ga matasa, abin da ya sa hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi ga kwana 5 a 2013. A wurinmu shi ne allurar farko da ake yi wa duk mai amai, tun kafin a girgiza cikinsa.

Mafi yawan masu kukan ƙwannafi da kumburin ciki ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda za a tura leƙen ciki ba tare da jinkiri ba shi ne mai aman da ya ƙi tsayawa, mai rama, mai ƙarancin jini, mai baƙin bayan gida, mai wahalar haɗiya, da wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta.

Bayan tiyata

Tumbin da ya daɗe a faɗaɗe ba ya farkawa rana ɗaya. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya fara sauke abinci ta sabuwar hanya, kuma gaggawar sake buɗe ciki a wannan tsakani kuskure ne matuƙar hoto ya nuna ɗinkin a buɗe yake. Bayan an koma gida, wasu kan ji jiri da gumi da bugun zuciya minti 10 zuwa 30 bayan cin abinci, saboda abinci na afkawa hanji a lokaci guda. Wasu kuma sai bayan awa 1 zuwa 3, idan suga ya faɗi. Shayi mai kauri da suga da lemon kwalba ne suka fi tayar da shi. A raba abinci kashi shida, a jinkirta shan ruwa zuwa rabin awa bayan ci. Wanda aka yanke wa jijiya na iya samun gudawa, wanda aka yi wa kewaye na iya aman matsarmama. Mai azumi ya zo a tattauna kafin watan ya kama, domin buɗa-baki da kayan zaƙi a tumbin da ba shi da ƙofa na jawo wannan jiri. Wanda aka yanke wa ɓangaren tumbi a riƙa auna jininsa duk shekara saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, a rubuta masa sunan aikin da aka yi a katin da zai riƙe, da jerin magungunan ciwon jikin da ba zai sake karɓa a kemis ba.